Dala Ɗaya a Kan Tayina

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa in haƙura in bar wa tsofaffi wasansu, na gode, ku riƙe shawararku. Kujerar ubana ce. Ga abin da ya faru ranar Asabar.

*

Ƙarfe goma sha biyu na rana muka zauna a ɗakin ƙasa na gidanmu, inda ake wannan gwanjon tun kafin a haife ni. Maza goma sha ɗaya, sai ni. Mama tana sama tana soya pierogi, ƙullin fulawa mai cushe a ciki, kamar kowace shekara, ƙamshin albasa da man shanu yana biyo matakala.

Kwamfutata kuwa tana kan gadona a rufe. Ranar Laraba suka kaɗa ƙuri'a, bakwai da huɗu, cewa na'ura ba za ta hau teburinsu ba.

"Biro da takarda," in ji Baba Harold Dombek, shugaban ƙungiyar, wanda kuma shi ke kiran gwanjo. Kowa ya kalla ban da ni. "Da su muka fara, da su za mu ƙare."

Baba Walt, wanda cikinsa ke riga shi isa tebur, ya leƙo gabana.

"'Yar jami'a, ina injin naki? Ko yana caji ne?"

"Yana hutawa, Baba Walt. Ya ce ku ba sai da shi ba."

Aka yi dariya, amma ba da ni ba.

Wata uku na yi ina gina manhajar lissafin gwanjo da ke cikin kwamfutar nan. Shekara huɗu na yi a Pittsburgh ina karatun ƙididdiga. A kwana ɗaya suka mayar da ni 'yar firamare. Ranar Alhamis na zauna a teburin kicin na kwafe sunan 'yan wasa ɗari biyu da tamanin da hannuna, kowanne da iyakar abin da zan taya a gefensa, har sai da yatsana ya kumbura. Ban yi ƙorafi ba. Ba zan ba su wannan daɗin ba.

Kowa yana da dala ɗari biyu da sittin ta wasa, da ita zai sayi 'yan wasa ashirin da uku na besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Abin da suka yi a fili daga Afrilu zuwa Satumba, shi ne makinka. Ni kuma akwai dokar gado a wuyana: wanda ya gaji kujera shekara ɗaya ake ba shi. In ya ƙare cikin ukun ƙarshe, a karɓe kujerar. Shekara talatin da ɗaya ubana, Leon Wojnar, yana kanta, har ranar da muka binne shi a watan Nuwamba. In gwanjon yau ya lalace min, shi ke nan, ba a gyara shi a tsakiyar shekara.

Baba Dombek ya buga cokali a jikin kofi.

"Walt, kai ne farko. Kira suna."

"Dario Encinas. Dala goma."

Gabana ya faɗi. Shi ne mai bugun da na fi so a duk takardata. Talatin da huɗu na rubuta masa.

"Sha biyar."

"Ashirin."

"Ashirin da biyar," na ce.

Ɗaya bayan ɗaya suka janye, ya rage ni da Kawu Caz, wato Casimir, yayan Mama. Shi ne ya kawo maganar ƙuri'ar ranar Laraba. Ya zauna daidai gabana da littafinsa mai ruwan ɗorawa, fensir a bayan kunne.

"Talatin da uku," ya ce.

"Talatin da huɗu."

"Da biyar."

Ko numfashi bai ja ba.

"Ɗaya. Biyu." Cokali ya bugi kofi. "An sallama wa Casimir."

Na ja layi a kan sunan. Ba komai, na ce wa kaina. Gwanjo ne.

Aka kira Trent Halvorsen, mai jifa. Ashirin da bakwai ce iyakata. Na kai ashirin da bakwai.

"Da takwas," in ji Kawu, yana hamma.

Aka kira wani mai kamu, Keiji Morinaga. Sha huɗu na rubuta masa, amma a raina ina sa ran samunsa a kan takwas ko tara, don babu mai kula shi. Babu kuwa wanda ya kula shi, sai Kawu. Na ce tara, ya ce goma. Na ce sha biyu, ya ce sha uku. Na ce sha huɗu.

Ya ajiye fensir ya naɗe hannu.

"Na bar miki. Ai ba a hana marainiya komai."

"Na gode, Kawu. Allah ya saka."

"Amin, 'yar ƙanwata."

Haka aka yi ta yi har kusan awa biyu. Wanda nake so sosai, sai a ɗora dala ɗaya a kan tayina a ɗauke. Wanda ake ganin zan samu da araha, sai a tura ni har bakin iyakata a janye. 'Yan wasa shida na samu, babu ko ɗaya da na samu da sauƙi, kuma manyan da na gina shirina a kansu duk sun tafi. Da kwamfutata tana gabana, da cikin ƙiftawar ido ta sake lissafa min komai, ta nuna min inda zan karkata. Yanzu sai goge-goge nake a gefen takarda, ina kwashe wannan ina tara wancan, ana kiran suna na gaba tun ban gama ba.

"Tessa, muna jiranki," in ji Baba Dombek.

"Tana neman maɓallin dannawa ne a jikin takardar," in ji Baba Walt.

Raina ya ɓaci. Na danne.

"Marigayi Leon," Kawu ya ce wa ɗakin, ba ni ba, "a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta yake yin gwanjonsa. Sau biyar ya ci kofi. Amma yanzu an zo mana da digiri."

"Kawu, sau nawa kai ka ci?"

"Oho! Ta fara cizo!" Baba Walt ya buga tebur.

"Sau ɗaya," na ce. "Shekarar da ubana ya karya ƙafa bai sauko ba."

Fuskar Kawu ta canja, amma ya yi murmushi ya buɗe littafinsa kaɗan, ya leƙa, ya rufe.

A nan na lura. Duk sunan da aka kira, sai ya ɗaga gefen littafin kamar mai duba kati, ya leƙa, ya rufe. Mutumin da ke cika baki cewa duk 'yan wasan duniya suna cikin kansa. Kuma ba ya kallon fuskata in muna tayi. Mai son gane iyakar abokin tayinsa fuska yake kallo, ya ga inda murya ta fara rawa. Kawu bango yake kallo.

Bai taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya.

Na dubi takardata. Ranar Juma'a a kan teburin kicin na bar ta na tafi aiki. Kawu yana da makullin gidanmu, kuma ba ya wuce unguwar bai shigo shan kofi ba.

Zargi ba hujja ba ne. In na buɗe baki yanzu, za su ce 'yar jami'a ta sha kaye ta fara kuka.

Sai idona ya sauka a shafi na huɗu, a kan jan biro.

Lonnie Pruitt. Mai jifa ne, kuma gwiwar hannunsa ta lalace, sati ɗaya kenan da jaridu suka ce sai an yi masa aiki. Dala ɗaya manhajata ta ba shi. Amma ranar Alhamis da gajiya ta ci ni, idona ya zame layi ɗaya, na rubuta masa sha tara, ta wanda ke ƙasansa. Sai da na dawo aiki ranar Juma'a da yamma, ina gwada takardar da kwamfuta, na gani na soke da jan biro.

Duk wanda ya ga takardata da rana, sha tara ya gani.

"Tessa, layinki ne. Kira suna."

Na ɗora yatsa a kan jan layin.

"Lonnie Pruitt. Dala ɗaya."

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Pruitt? Mai hannu ɗaya?"

"Yarinya, injin naki ba ya karanta jarida?"

"Ku bar ta," in ji Baba Walt, yana share hawaye. "Wataƙila da ƙafa zai yi jifan bana."

Kawu ya ɗaga gefen littafinsa. Ya leƙa. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya rufe a hankali, kamar wanda ya tsinci abu a hanya ba ya so a gani.

"Biyu," ya ce.

"Caz, ka haukace?"

"Ina taya 'yata hira ne. Biyu."

"Uku," na ce.

"Huɗu."

"Biyar."

In na yi kuskure, in ya tsaya a hanya, ni zan kwashi gurgun hannu da kuɗin da ya kamata in sayi mutum biyu masu lafiya. Da hannuna zan miƙa musu kujerar.

"Takwas."

"Tara."

"Tessa," in ji Baba Dombek a hankali, "kin san an ce sai an yi masa aiki ko?"

"Na sani, Baba. Ana tayi ne ko ana wa'azi?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Goma," in ji Kawu.

"Sha ɗaya."

Dariyar ta fara raguwa. Wani ya ajiye gwangwanin giyarsa.

"Sha huɗu."

"Sha biyar."

Kawu ya tsaya. Ya ɗauki fensir ya juya shi.

"Ɗaya," in ji Baba Dombek.

Shi ke nan, na ce a raina. Na kashe kaina.

"Sha shida," in ji Kawu. Wasa yake da ni.

"Sha bakwai."

"Sha takwas."

Ya ajiye fensir. Ya naɗe hannu. Ya jingina da kujera, yana jiran in faɗa ramin.

Ni ma na ajiye birona. Na naɗe hannu. Na jingina.

"Sha takwas daga Casimir," in ji Baba Dombek. "Ɗaya."

Kawu ya kalle ni, karo na farko a ranar.

"Tessa?"

Na ɗauki kwalbar ruwana na kurɓa, Baba Dombek ya ci gaba da ƙirge.

"Biyu."

"Dakata, Harold! Ba ta ji ba ne. Ke! Sha takwas na ce!"

"Na ji ka, Kawu. Allah ya sanya alheri."

Ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi baya.

"Wane irin iskanci ne wannan? Ai sha tara ce taki!"

Cokalin Baba Dombek ya tsaya a sama.

Daga sama ana jin ƙarar mai a kasko.

"Me ka ce, Kawu?"

"Na ce... ai kowa ya ga za ki kai sha tara."

"A'a. Cewa ka yi sha tara ce tawa. Ba ashirin ba, ba sha takwas ba. Wa ya faɗa maka?"

"A fuskarki na karanta. Shekara talatin ina wannan abin, yarinya."

"Fuskar da tun sha biyu ba ka kalla ba?"

Cokali ya bugi kofi.

"An sallama wa Casimir, sha takwas," in ji Baba Dombek. Muryarsa ta yi ƙasa. "Zauna, Caz."

"Ban yarda ba! Tarko ta ɗana min!"

"Tarko ba ya kama wanda bai leƙa takardar wani ba," na ce. Na ɗaga shafina na huɗu sama don kowa ya gani. "Ga Pruitt. Sha tara na rubuta ranar Alhamis bisa kuskure. Jiya da yamma na soke. Ga jan biron. Duk duniya babu mai hankalin da zai ba Pruitt sha tara, sai takardata ta jiya da rana. Kawu, buɗe littafinka."

"Ba ki isa ba."

"Baba Dombek, doka ta shida. Wanda ya leƙa takardar wani, ya bar tebur. Ubana ne ya rubuta ta, tana nan manne a bango bayanka."

Baba Dombek bai juya ya duba ba.

"Tessa, a bi a hankali. Kawunki ne."

"Da ya ce min marainiya ba kawuna ba ne?"

Kawu ya kai hannu zai ɗauke littafin. Na riga shi. Muka ja, ni da dattijo mai shekara sittin da bakwai, a gaban mutane, kuma ba na jin kunyar faɗa muku. Littafin ya yage ta tsakiya. Takardu farare guda biyar suka zubo a kan tebur, a cikin ɓawon gyaɗa.

Rubutuna ne. Hoton takardata, shafi biyar cif. Baba Walt ya ɗauki na huɗu da yatsa biyu. Pruitt, sha tara, babu jan biro.

"Kai, Caz," ya ce.

"Biro da takarda," na ce. "Kai ne ka tsaya a nan ranar Laraba ka ce na'ura tana kashe basira. Ka sa aka kore ta. Ashe so kake in kwafo maka abin da ke cikinta da hannuna, ka zo ka ɗauka a sauƙaƙe. Yini guda ina rubutu, Kawu. Dubi yatsana."

"Ban taka gidan nan jiya ba."

"Ƙarya kake."

"Na rantse da kabarin uwata."

"To takardar tashi ta yi ta same ka? Ka shigo gidan ƙanwarka da makullin da aka ba ka don amana, ka yi sata. Ɓarawo!"

"Teresa."

Ba a kirana Teresa sai an shirya min.

Mama tana tsaye a tsakiyar matakala da faranti a hannu, tururi yana tashi. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Kar ki ƙara kiran yayana ɓarawo a gidana."

"Mama, ba ki ga abin da..."

"Na gani. Bai shigo ba. Ni na kai masa."

Na saki rabin littafin da ke hannuna.

Ta sauko sauran matakalar ba gaggawa, ta ture takardun gefe, ta ajiye farantin a tsakiyar tebur, ta goge hannu a jikin rigarta.

"Da kika fita na ɗauka na tafi da ita ofishin coci. Akwai injin kwafi. Kafin ki dawo na mayar miki inda kika ajiye."

"Don me?"

"Don ki faɗi."

Haka ta faɗa, kamar tana faɗin farashin burodi.

"Lorraine," in ji Baba Dombek.

"Yi min shiru, Harold. Shekara talatin da ɗaya ina soya muku abinci ina saukowa da shi, yau kam za ku ji ni." Ta juyo gare ni. "Ranar da aka ba ki digiri, ubanki yana zaune kusa da ni da rediyo a kunne, yana jin wasa. Kin sani? Ba ki sani ba, don na ce masa in ya bari kika gani zan bar shi. A asibiti, ana saura kwana biyu, bai tambaye ni yadda zan yi da gidan nan ba. Cewa ya yi in tabbatar Harold ya rubuta masa ɗan wasan da zai riƙe a gwanjo mai zuwa."

"Abin da yake so kenan, Mama."

"Na sani. Na zauna da shi a haka, ban yi nadama ba. Amma ke? An ba ki aiki a birnin Columbus, aikin da kika yi shekara huɗu kina wahala dominsa, kika ce a'a. Kika zauna kina sayar da inshorar mota a nan Erie, don ki riƙa saukowa ramin nan kina faɗa da tsofaffi a kan mutanen da ba su san kina duniya ba. Ɗakin nan ya ci min miji. Ba zai ci min 'ya ba."

"Da sai ki faɗa min."

"Sau nawa na faɗa? Kina ji? Kan ubanki ne da ke."

Idona ya cika. Na ƙi bari ko ɗigo ɗaya ya sauka. Ba a gabansu ba.

"Ni zan zaɓi abin da zai ci ni, Mama. Ba ke ba, ba Kawu ba." Na juya. "Baba Dombek, hujja ta fito. Ko wa ya ba shi, ya karɓa, ya yi amfani da ita. Ina so a kore shi, a soke gwanjon, a sake daga farko. Kuma a wannan karon da kwamfutata zan zauna."

Kawu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya tayar da kujerarsa ya zauna.

"A kore ni? To, Harold. Kore ni. Ina jira."

Baba Dombek ya share gumi a goshinsa, a ɗakin da sanyi ke ratsa takalmi.

"Za mu... za mu duba maganar Casimir bayan an ci abinci."

"Casimir kaɗai?" in ji Mama.

Na dube ta.

"Me kike nufi?"

"Kina tsammani mutum ɗaya zai iya tare ki yini guda? Na san 'yar da na haifa." Ta ɗauki cokali ta fara zuba pierogi a ƙaramin faranti. "Kwafi shida na yi."

Na bi teburin da kallo.

Baba Walt ya ja hularsa ya rufe littafinsa da ita. Na kusa da shi ya tura nasa ƙarƙashin cinya. Wani ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Na ƙirga biyar har da Kawu.

Na juya wajen Baba Dombek, abokin ubana tun suna samari, wanda ya ɗauki gaban akwatin gawarsa, wanda ya riƙe hannuna a maƙabarta ya ce kujerar Leon tawa ce muddin yana numfashi.

Tafin hannunsa yana kan littafinsa, ya danne.

"Baba," na ce. "Ɗaga hannunka."

Bai ɗaga ba.